Ƙanina, kafin ka ɗauki allo ka faɗa tekun Maroko

Ranar farko da na tunkari teku da allon hawan igiyar ruwa a hammata wallahi ji nake kamar ni ne sarkin ruwan Garwa. Me za'a nuna min? Tun ina firamare muke satar jiki mu gangara Binuwai wajen gada, mu tuɓe riga mu ɗora kan dutse mu yi ta iyo ido ɗaya na kan dorina har sai idanunmu sun yi ja, sannan mu shafa ƙura a ƙafa mu koma gida kamar ƙwallo muka je, kuma kullum sai Inna ta gane, hannuna kawai zata kama ta karta da farce, in farin layi ya fito to bulala ta tabbata. Saboda haka da monita, mai koyar da mu, yace kowa ya kwanta kan yashi a fara koyon tashi sai nace masa ni fa ɗan kogi ne, ya kalle ni yayi murmushi yace to khuya, wato ɗan'uwa, bismillah. Na shiga, na tare allon a gabana a gicciye kamar mai riƙe garkuwa, igiyar da bata kai ƙuguna ba ta daki allon, allon ya daki bakina. Ko minti biyu ban yi ba na fito da fasasshen leɓe da cikin da ya sha ruwan gishiri.

Shekara ta uku kenan ina karatu a Agadir, kuma tunda na fara saka hoton teku a status yaran da suka ci bak, jarrabawar gama sakandare, suka samu burs, tallafin karatu, suke ta turo min tambaya ɗaya, wai ya ake hawan igiyar ruwan nan, abin da ake kira sarf. Bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta.

Abu na farko, kuma dan Allah kar ka tsallake shi: ka iya iyo? Ba iyon bakin ruwa da ƙafa na taɓa ƙasa ba. Ma'aunina shine kayi mita 50 ba tsayawa, sannan ka iya zama kan ruwa minti biyu zuwa uku baka riƙe komai ba kuma hankalinka bai tashi ba. In baka kai nan ba to nemi pisin, wurin iyon da aka gina, ka koya tukuna, ba abin kunya bane. 'Yan Marwa da ku nake, nasan Mayo Kaliyawo yashi ne mafi yawan shekara, a ina zaku koya. 'Yan Kusiri da Njamena kuma masu taƙama da Logon da Shari, ku ne ma nafi jin tsoro a kanku domin ciwon da ya kama ni shi zai kama ku, gwanin ruwa ai shi ruwa kan ci. Kogi gefe ɗaya yake tafiya, kasan inda ya fito kasan inda zai kai ka. Teku kuwa zuwa yake ya koma, ya ture ka ta sama ya janye yashin ƙarƙashin ƙafarka ta ƙasa, lokaci guda. Abu ɗaya da ya sauƙaƙa shine gishiri, wajen giram 35 a kowace lita, kamar babban cokali biyu kenan, shi yasa jiki yafi tasowa sama a teku akan kogi. Amma ka shaƙi wannan ruwan ta hanci sau ɗaya zaka gane kuɗin sauƙin da ka biya.

Sai maganar wuri. Mu na Agadir Allah ya kashe ya bamu, Taghazut na nan arewa da mu kilomita 20 bata cika ba, kafin ka kai akwai Anza da Awrir da Tamraght, bis na gari ko gran taksi zai kai ka. Wanda yake Rabat akwai bakin ruwan da ke ƙasan Kasbar Udaya, na Kenitra ga Mahdiya, na Kasablanka ga Ain Diyab da Dar Bu'azza, waɗanda suka tafi Dakar kuma ga Yof. 'Yan Fas da Maknas da Marakesh sai dai haƙuri sai hutu. Ko ina ne dai ka nemi wurin da ƙasansa yashi ne, ba dutse ba. Zaka ga bidiyon Anchor Point na Taghazut a TikTok, igiya doguwa mutum na ta yanka ta kamar yana tafiya kan kwalta, ranka zai biya. Je kayi kallo daga kan duwatsu ka sayi shayi ka koma. Wurin ƙwararru ne, shigarsa ma ta kan dutse ake yi. Naka irin su Panorama ne da Imuran, ko ma bakin ruwan cikin garin Agadir ɗin kanta inda igiyar ke isowa a gajiye.

Akwai kuma wani tarko da ba wanda ya gaya min. Mu ɗalibai Satumba ko Oktoba muke sauka, kuma daidai nan ne teku ke fara fushi, daga Oktoba zuwa Maris manyan igiyoyi ke zuwa, lokacin ne Turawa ke cika Taghazut da alluna. Dalili kuwa igiyar da kake gani ba iskar bakin ruwan ce ta haife ta ba, guguwa ce can arewacin Atlantika dubban kilomita daga inda kake, ita ke tura ruwan ya yi ta tafiya kwana da kwanaki kafin ya zo ya fashe a gabanka, shi yasa zaka ga rana tas ba iska ko kaɗan amma teku na ruri kamar zaki. Lokacin zafinsu, wajen Yuni zuwa Agusta, igiyoyin ƙanana ne, ya fi wa ɗan koyo. In baka iya jira ba to ka zaɓi rana. Sauke Windguru ko Surfline a waya, ka duba lamba biyu: tsayin igiya da kuma sakan nawa ne tsakanin wata da wata. Tsayin in ya wuce mita 1 ba ranarka bace. Na biyun ne mutane ke rainawa, igiyar mita 1 mai tazarar sakan 8 da ta mita 1 mai sakan 14 ba dangin juna bane, ta biyun tafi nauyi nesa ba kusa ba. Kuma ka tafi da safe, sau da yawa bayan azahar iska ke tasowa daga teku ta yamutsa ruwan.

Kuɗi. Burs dai mun san kaurinsa, dirhami ɗaya kuma wajen sefa 60 ne, kana lissafawa zuciyarka na karyewa. Duk da haka darasi biyu ko uku na farko ka biya monita, kar kayi rowar wannan, leɓena shaida ne. Dabara itace ku haɗu ku huɗu ko biyar ku je tare, ku nuna katin ɗalibi, ku yi ciniki kamar kuna Grand Marshe, kuma ku guji tsarin da aka yi dan 'yan yawon buɗe ido wanda ya haɗa ɗaki da abinci da mota na sati guda, ba naku bane. Ku tambayi 'yan ajinku 'yan gari, kusan kowane bakin ruwa akwai kulob na yaran unguwa da farashinsa na talakawa ne. Bayan nan haya kawai zaka dinga yi, allo da riga, rabin yini ya ishe ka dan wallahi bayan awa biyu hannunka ba zai ɗagu ba. Kar ka sayi allo a shekarar farko, ina ma zaka ajiye shi a ɗakin site, masaukin ɗalibai, da kuke ku huɗu.

Yanzu rigar, ita ake cewa kombi, baƙar roba mai kama jiki daga wuya har idon sawu. Kar ka kuskura kace kai namiji ne zaka shiga da gajeren wando. Kai da ka tashi a zafin Garwa na Maris da Afrilu da yake haura digiri 40, ruwan nan a Janairu wajen 17 yake, ko a tsakiyar zafi da kyar yake wuce 21 ko 22, domin akwai ruwan sanyi da ke gangarowa daga arewa yana bin gaɓar Maroko duk shekara. Zaka ga an rubuta 3/2 a jikinta, wato kaurin robar milimita 3 a ƙirji da baya, 2 a hannu da ƙafa, in kana jin sanyi sosai nemi 4/3. Dole ta kama ka tsam, in tayi maka yawa ruwan sanyi zai yi ta shiga yana fita ba amfani. Zif ɗin galibi a baya yake, ni gaba na juya shi ranar farko na fito ina tafiya kamar agwagwa yara na ta dariya. In ƙafarka taƙi shiga sa leda a ƙafar ka zura, sulɓewa zata yi. Wata magana kuma ba daɗin faɗa amma gara ka sani, mutane suna fitsari a cikin kombi, ba wani ɓoyayyen abu bane a wajensu, kai kuma ta haya zaka sa. Ka ɗauraye ta kafin ka sa, in ka fito ka watsa ruwa ka canza kaya kafin kayi sallah.

Allon kuwa ka karɓi babba na soso, mai tsawon ƙafa 8, kusan mita 2 da rabi. Nasan idonka zai tafi kan ɗan siririn nan mai tsini da gwanaye ke riƙewa, ƙyale shi, hawa shi yanzu kamar ka ba yaron da bai iya keke ba klando ne, babur ɗin haya. Babban allo yana ɗaukar nauyinka, yana kama igiya da wuri, in ya buge ka kuma da sauƙi. Akwai wata igiyar roba da ke haɗa allon da ƙafarka, su suna ce mata lish ni dabaibayi nake ce mata, a ƙafar baya ake ɗaura ta. Wace ce ƙafar bayanka? Tsaya ƙafa a haɗe kace wa abokinka ya ɗan ture ka ta baya ba shiri, wadda ta fara fita ta tare ka ita ce ta gaba. Mai hagu a gaba regula, mai dama a gaba gufi, ba wanda yafi wani.

To ga inda nake so ka nutsu, dan duk abin da ya rage wasa ne akan wannan. Kafin ka jiƙa ko yatsa, zauna kan yashi minti 15 kana kallon ruwan. Baƙo ko da ido makaho ne, kai kuma baƙo ne sau biyu, baƙon ƙasa baƙon ruwa. Zaka lura igiyoyin a ayari suke zuwa, manya uku ko huɗu ko biyar a jere sai a yi shiru, sai wani ayarin. Wanda ya iso lokacin shirun ya faɗa kai tsaye shine ake fitowa da shi yana tari. Zaka kuma lura ruwan yana hawa yana sauka, abin da suke kira mare. Sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa a yini da dare, tsakanin cika da janyewa awa 6 da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da wajen minti 50, saboda haka wurin da ka yi wasa jiya ƙarfe tara ba lallai ya zama shi bane yau ƙarfe tara. Wata ne ke jan ruwan, kuma nan ne mu muka fi Turawan sauƙin ganewa tunda da lissafin wata muka tashi: farkon wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar cikar tafi yawa janyewar ma tafi nisa, tsakankaninsu kuma abin da sauƙi. A Anza in ruwa ya janye sosai har sawun dabbobin da can, dainoso, ake gani kan shimfiɗaɗɗen dutse, in ya dawo ya rufe kamar ba'a taɓa yi ba. Tambayi monita ko mai hayar allo wane lokacin mare ne yafi dacewa da wannan wurin, kowane bakin ruwa da halinsa.

Sannan ka nemo jan ruwa da idonka, abin da suke kira kuran. Duk ruwan da igiyoyi suka turo bakin gaɓa dole ya nemi hanyar komawa, sai ya taru ya yanki wata hanya kamar kwata ya fita da gudu zuwa ciki. Yaya zaka gane ta? Wurin da yafi ko'ina kwanciya. Hagu igiya na fashewa fari fat, dama ma haka, a tsakiya kuma ga wani layi mai duhu shiru lumui, wani lokacin da ɗan datti ko kumfa na tafiya ciki maimakon waje. Duk ɗan koyo nan zuciyarsa ke cewa ya shiga dan ya ga ba hayaniya, kuma nan ne ramin. In tsautsayi yasa ta ɗauke ka, kar ka saki allon, shine jirginka. Kar kuma ka juyo ka ce zaka yi kokawa da ita kai tsaye zuwa gaɓa, ko gwanin gwanaye gajiya zai yi. Anan ne kawai iyon Binuwai ya min rana, kasan yadda in ruwa ya cika a Agusta ba'a tunkarar sa gaba da gaba sai dai a yanke shi a karkace? Haka zaka yi, ka tuƙa zuwa gefe, kana bin tsawon gaɓar, har ka kai inda farin kumfa yake, shi zai turo ka waje da kansa. Yawanci bata da faɗi sosai. In ka gaji kwanta kan allon ka ɗaga hannu ɗaya sama kana kaɗawa, kowa a ruwa ya san ma'anar wannan. Ni ta taɓa ɗauka ta a wata na biyu, na ɗago kai kawai naga mutanen bakin ruwa sun koma kamar tururuwa, ba addu'ar da ban karanta ba, wani yaro da bai fi shekara sha biyu ba ya tuƙo ya zo yana nuna min gefe da hannu yana cewa haka haka, cikin minti uku ƙafata ta taɓa ƙasa. Kar ka taɓa shiga kai kaɗai, in ka ga jan tuta kar ka shiga sam, kuma ka sani masu ceto a yawancin wurare lokacin zafi kawai suke zama. Lambar 'yan kwana-kwana da ambulan a Maroko 15 ce. Kafin ka shiga kuma ka riƙe wata alama a tudu, gida mai shuɗin fenti ko hasumiyar masallaci, dan ruwan yana jan mutum gefe a hankali baka sani ba.

Tashi kan allo, abin da kowa ke ɗoki, a yashi ake fara shi, wanda na raina. Kwanta rub da ciki, ƙafafu a haɗe, tafin hannu biyu a shimfiɗe kan allon daidai ƙirjinka, ba riƙe gefensa ba. Ɗaga ƙirji kamar ƙadangare kan katanga yana gyaɗa kai, sai ka jawo ƙafafun su shigo ƙarƙashinka tashi ɗaya, ta gaba ta sauka tsakanin inda hannayenka suke, ta baya can wajen wutsiya. Jikinka a karkace, gwiwa a lanƙwashe, hannu a buɗe, tsayuwar ɗan dambe a fage dai. Kar ka saba da durƙusawa kan gwiwa tukuna, daɗi gare ta ranar farko amma ɗabi'a ce mai wuyar bari, ni sai da nayi wata biyu ina yaƙi da ita. Yi ta maimaitawa a ɗaki, sau 20 kullum da safe, 'yan ɗakinku zasu ce ka samu taɓin hankali, ba komai.

In zaka shiga, allon a gefenka, hancinsa na kallon teku, hannunka a kai. Kar ya taɓa shiga tsakaninka da igiya, ka dai ji labarin leɓena. Tsaya inda ruwa ya kai ƙugu, iyakarka kenan a makonnin farko, igiyar da ta riga ta fashe ta zama farin kumfa ita zaka hau, ba koriyar can ciki ba. Ka ga kumfa na tahowa, juya allon ya kalli tudu, hau ka kwanta, fara tuƙi da hannu ɗaya bayan ɗaya kana nitsa su sosai. Wurin kwanciyar shine sirrin: ka matsa gaba da yawa hancin allon ya nitse ka wuntsila ta kai, ka koma baya da yawa allon ya ɗaga kai kamar doki igiyar ta wuce ta barka. Hancin ya ɗan ɗago sama da ruwa kamar faɗin yatsu huɗu. Zaka ji lokacin da ta kama ka, kamar an turo mota ta baya, to kar ka yi zumbur, ƙara tuƙi biyu ko uku tukuna sannan ka tashi. Idonka kuma gaba, kan tudu. Duk wanda ya taɓa tuƙa moto a yashin unguwa ya san inda ka kalla nan zata kai ka, ka kalli ƙafarka ka sha ƙasa.

Ni sai a zuwa na uku na tsaya. Wajen sha ɗaya na safe, na riga na faɗi ya fi sau talatin na fara cewa a raina wannan wasan 'ya'yan masu kuɗi ne in koma in kama karatuna, sai wata 'yar kumfa ta zo ba wata babba ba, na tuƙa, na ɗago, kawai sai naga ƙafafuna a ƙasana kuma ban faɗi ba. Ƙarar ruwan duk ta koma bayana, allon na sulɓi shiru, ina ganin yashi na gudu ta ƙarƙashin ruwa, iska na shiga kunnena. Bai fi sakan huɗu ba. Na buɗe baki zan yi kabbara na faɗa da bakin a buɗe.

Faɗuwa ma koyonta ake. Faɗi a shimfiɗe, ta baya ko ta gefe, nesa da allon. Kar ka yi nutso da kai, ruwan ba zurfi, wuya ake karyawa a haka, kar kuma ka diro da ƙafa a miƙe. In igiya ta danne ka zata tuƙa ka kamar talge, baka san sama ba baka san ƙasa ba, saki jikinka kawai, 'yan sakanni ne duk da zaka ji kamar shekara, kokawar ce ke cinye numfashi. Lokacin ɗagowa hannu biyu a kan kai tukuna, dan allon na nan sama yana jiranka kuma a ƙasansa akwai 'yan fukafukai masu kaifi. A wurin duwatsu akwai bushiyar teku, ƙayarta karyewa take cikin tafin ƙafa. A yashi kuma akwai wani ɗan kifi da suke kira viv mai binne kansa, in ka taka shi zafin kamar harbin kunama, maganin farko ka tsoma ƙafar a ruwan zafi iya wanda fata zata jure na wajen rabin awa, zafi ke kashe dafin, in abin yaƙi lafawa sai asibiti.

Cikin ruwa akwai ladabi kamar yadda yake a bakin rijiya. Igiya ɗaya mutum ɗaya, wanda yafi kusa da inda ta fara fashewa shi ke da ita, ka ga wani ya riga ya tashi a kanta to janye. In zaka koma ciki zagaya ta gefe kar ka bi ta gaban masu tahowa. Kar ka jefar da allonka dan ka ga babbar igiya, ƙila akwai yaro a bayanka. In kayi kuskure, kuma zaka yi, ɗaga hannu kace smahli, wato yi haƙuri, shikenan. Mutanen wannan yankin Amazigh ne, da yawa cikin yaran da zaka gani a ruwa 'ya'yan masunta ne da suka tashi a nan, kayi musu sallama kafin komai zaka ga yadda fuska ke sakewa, har su dinga kiranka suna nuna maka wadda zaka hau. Kuma kar ka ɗauka wasan Turawa ne kawai, Ramzi Boukhiam haifaffen Agadir ne, ya wakilci Maroko a Olamfik na Tokyo da aka yi a 2021, karon farko da aka saka wasan, ya sake zuwa na 2024.

Washegari haƙarƙarinka da wuyanka da kafaɗa zasu yi ciwo kamar an maka dukan ɓarawo a kasuwa, zai wuce. Ka shafa man kare rana a fuska da wuya, baƙar fata ma tana ƙonewa, ni hancina sai da ya saɓule. Yunwa kuma ba'a magana, ka tanadi kuɗin burodi da amlu, wani haɗin almon da man argan da zuma, ko gasasshen sardin, da shayin na'ana'a mai zafi. Kar ka tsorata in bayan awa uku kana zaune a amfi, ɗakin lacca, ka sunkuya zaka rubuta sai ruwa ya zubo shaa daga hancinka kan littafin rubutunka, tekun da ka shaƙa ne yake fitowa, ni a ruku'u ya taɓa kama ni a sahun gaba. Waya da fasfo da katin zama ka barsu a ɗaki ko wajen mai haya. Ranar da kake da TD, darasin aikin aji, ko egzame, wato jarrabawa, ya matso kuma teku ba inda zashi, karatu aka turo ka. Da azumi ni dai ajiyewa nake da rana tunda ba yadda za'ayi ɗan koyo ya shiga bai haɗiyi ruwa ba, hukuncin kuma ka tambayi malami ba ni ba. 'Yan uwa mata da suka tambaye ni, eh ana yi, na ga 'yan Maroko da yawa suna ɗora doguwar riga mara nauyi kan kombi da hijabin wasanni mai kama kai, akwai mata masu koyarwa ma, ku tambaya ku je a ƙungiya.

Saura Inna. Kar ka bari ta fara gani a status ɗin wani, kasan yadda labari ke tafiya a Yelwa, kafin ya kai gida an ce an ganka tsakiyar bahar kana kokawa da aljanun ruwa. Ni kiranta nayi na gaya mata da bakina. Tayi shiru can tace akwai dorina a ciki? Nace babu Inna. Kada fa? Nace babu. Tace to da wa kake shiga, nace da malami da abokai kuma ruwan iya ƙugu ne, tace ka dinga karanta addu'ar da Annabi Nuhu yayi da zai shiga jirgi, nace insha Allahu, kuma har yau ina karantawa ina ɗaura dabaibayi. Da na je hutu bara ina sauka daga klando ko jakata ban ajiye ba ta kamo hannuna ta juya shi ta karta da farce, ta duba, ta ɗago ta kalle ni tace wanke hannu ga tuwo can.